Ingancin Aiki da Manhajar Jadawalin Lissafi: Darussa Daga Kurakurai Uku

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin shahararrun kurakurai uku da suka auku a jadawalin lissafi, domin fito da dabarun da ke rage asarar lokaci. An gano cewa tsara bayanai tun farko ya fi saurin yatsu tasiri wajen kammala aiki.

1.0 Gabatarwa

Tun da Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a 1979, Microsoft Excel kuma ya biyo baya a 1985, jadawalin lissafi ya zama abokin aikin akanta da malami da manazarci. Idan ana maganar sauri, hankali kan tafi ga haddace madannai. Amma sauri ya haifi nawa: awannin da ake ɓatawa wajen farautar kuskure kan cinye duk mintunan da aka yi tsiminsu.

2.0 Hanyar Bincike

An zaɓi misalai daga fannoni uku: tattalin arziki, kiwon lafiya da kimiyyar ƙwayoyin gado. A kowanne an duba inda kuskure ya kutso da matakin da zai iya tare shi.

3.0 Nazari

A 2010, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff suka nuna cewa tattalin arzikin ƙasashen da bashinsu ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da suke samarwa yana raguwa da kashi 0.1. A 2013, Thomas Herndon da malamansa biyu a Jami'ar Massachusetts Amherst suka gano cewa fomular da ke cikin jadawalin lissafin Reinhart da Rogoff ta tsallake ƙasashe biyar: Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Da aka gyara wannan tare da matsalolin zaɓen bayanai da awonsu, sakamakon ya koma ƙaruwar kashi 2.2.

A Oktoban 2020, hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta bayyana cewa mutum 15,841 da suka kamu da korona ba su shiga rahoto a kan kari ba. Dalili shi ne an yi amfani da tsohon fayil na XLS mai iyakar layuka 65,536, alhali XLSX na ɗaukar 1,048,576.

A 2016, Mark Ziemann da abokan aikinsa suka nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da ke ɗauke da jerin sunayen ƙwayoyin gado a Excel na da kuskure, domin manhajar kan mayar da suna kamar MARCH1 ranar wata. Irin wannan sauyin ne ke share sifilin farko na lambar waya ko ta asusun banki a Nijeriya.

4.0 Dabaru

Na farko, a mayar da bayanai tebur da Ctrl+T. Fomular da ta dogara da tebur tana faɗaɗa da kanta idan an ƙara layi, kuma ba ta barin wasu a baya.

Na biyu, a ayyana nau'in kowane layin tsaye kafin a fara shigarwa. Lambobin waya da na asusu rubutu ne, ba adadin lissafi ba, musamman da yake Excel ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15 daidai. Ranar wata kuma a jera ta shekara, wata, rana.

Na uku, a raba ɗanyen bayani da lissafi, kowanne da shafinsa. Farashi ko kason haraji a aje shi a gurbi ɗaya, a kulle adireshinsa cikin fomula da F4, maimakon rubuta shi cikin kowace fomula.

Na huɗu, a bar wa manhaja aikin maimaici: XLOOKUP don haɗo bayanai daga wani tebur, PivotTable don taƙaitawa.

Na biyar, duk lokacin da aka kwafo bayanai, a ƙidaya layukan da suka fito da waɗanda suka iso.

5.0 Kammalawa

A duka misalan uku manhajar ta aikata abin da aka tsara mata. Tsari da bita ne suka gaza. Don haka ya kamata jami'o'i da ma'aikatu su koyar da tsara bayanai kafin fomuloli, su kuma wajabta cewa wani ya duba kowane jadawali kafin a yanke hukunci da shi.