Tarihin Girka Manhajar Terraform da Shingen da Ya Tare Ɗaliban Jazira

Mutumin Maiwurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya kafa a bakin Kogin Shuɗin Nil bayan yaƙin Burmi na 1903, ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane ma'anar gudanar da babban aiki bisa rubutaccen tsari. Tun da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, noman Jazira a kan haka yake tafiya: an zana fasalin gona da magudanarta sau ɗaya a takarda, aka maimaita shi sau dubbai, Hausawa da yawa kuma suka yi ƙwadagon cirar auduga a cikinsa. Aikin da manhajoji irin su Terraform suke yi ke nan a duniyar kwamfuta. Injiniya zai rubuta a fayil yawan manyan kwamfutocin da yake so, da ma'ajiyar bayanai, da hanyoyin da za su haɗa su, sai ya buga umarni ɗaya a baƙin allo, manhajar ta gina su yadda aka rubuta.

Asalin wannan fanni ya girmi Terraform nesa ba kusa ba. Mark Burgess ya fito da CFEngine a birnin Oslo a 1993, Puppet ta biyo baya a 2005, Chef a 2009, Ansible a 2012. Matsalarsu ita ce girkawa. An rubuta Puppet da Chef da harshen Ruby, Ansible kuwa da Python, don haka sai mutum ya fara tanadar wa harshen mazauni a kwamfutarsa, kuma nau'in da ya dace, kafin manhajar ta motsa. A kan Linux abin da sauƙi. A kan Windows kuwa, har yau Ansible ba ta zama mai ba da umarni kai tsaye, sai an bi ta ƙaramar Linux ɗin da Microsoft ta cusa wa Windows tun daga 2016.

Kamfanin HashiCorp ya bi wata hanya dabam da ya fitar da Terraform a watan Yulin 2014. Ya rubuta ta da Go, harshen da Google ya sanar a 2009, wanda ke dunƙule manhaja da duk abin da take dogaro da shi cikin fayil guda. Girkawa ta koma abu uku: a sauko da ƙunshin da ya dace da kwamfutar, a kwance shi, a ajiye fayil ɗin a inda babbar manhajar ke duba umarni. Bambancin da ya rage na al'ada ne kawai. Mai Ubuntu ko Debian yakan bi ta apt, mai kwamfutar Apple ta Homebrew, mai Windows ta Chocolatey ko kuma ya gyara jerin hanyoyin da hannunsa. Wannan sauƙi yana cikin manyan dalilan yaɗuwarta, ko da yake ba a cika ambatonsa ba.

Sai dai duk wannan ya ɗauka cewa ƙofar saukewa a buɗe take ga kowa, kuma a Sudan ba haka abin yake ba. A watan Nuwamban 1997 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar da ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumin ciniki, wanda ya shafi har da manhajojin kamfanonin Amurka. A watan Janairun 2010 SourceForge, wadda a lokacin take cikin manyan rumbunan manhajoji na kyauta, ta toshe masu shiga daga Sudan, Iran, Siriya, Kuba da Koriya ta Arewa. Ɗalibin da ya taso daga ƙauyukan Hausawa ya sami gurbi a Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, wadda aka kafa a 1975, yana iya sanin umarnin girkawa a ka, amma adireshin intanet ɗinsa kaɗai ya isa a mayar da shi baya. A nan ko Windows yake riƙe da ita ko Linux, duk ɗaya ne. Amurka ta sassauta wa manhajojin sadarwa na ɗaiɗaikun mutane a watan Fabrairun 2015, ta janye takunkumin cinikin a watan Oktoban 2017, sannan ta cire Sudan daga jerin ƙasashen da ke ɗaukar nauyin ta'addanci a watan Disamban 2020. Shekara 20 ke nan cur kafin janyewar, wato kusan duk tsawon lokacin da fannin ya yi yana girma.

Akwai kuma wani rauni a jikin Terraform kanta. Ana iya ɗaukar fayil ɗinta a filasha daga hannu zuwa hannu, amma umarnin farko da ake bugawa, terraform init, yakan fita intanet ne ya ɗauko ƙananan manhajojin da za su yi magana da kamfanonin da ke hayar kwamfutoci. Inda babu layi, sai an riga an tanadi kwafinsu a gida. An yanke intanet a Sudan na sama da wata guda bayan 3 ga Yunin 2019, aka sake yankewa bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021.

Shekarar 2023 ta zo da sauyi biyu. A watan Agusta HashiCorp ya sauya lasisin Terraform zuwa wanda ke taƙaita amfanin abokan gasa, lamarin da ya sa wasu kamfanoni da masu sa-kai suka ɓalle da tsohon rubutun, suka kafa OpenTofu a ƙarƙashin Gidauniyar Linux. Ita ma fayil guda ce, umarninta tofu. A watan Disamba kuma dakarun RSF suka kama Wad Madani, karatu ya tsaya a harabar jami'ar, jama'a suka watse. Layukan sadarwa sun ɗauke a mafi yawan ƙasar a watan Fabrairun 2024, yaƙin ya kai jihar Sinnar a tsakiyar shekarar, sojojin gwamnati kuma ba su sake shiga Wad Madani ba sai a watan Janairun 2025.