Manhajar bin sawu

manhajar bin sawu (suna, mace, jam'i: manhajojin bin sawu). Manhajar wayar salula ce wadda a lokacin annoba take amfani da Bluetooth, wato sadarwar gajeren zango, wajen adana alamar wayoyin da suka kusanci juna, domin a gargaɗi mutum idan wanda ya yi cuɗanya da shi ya kamu da cutar. Singapo ta ƙaddamar da irin wannan manhaja mai suna TraceTogether a Maris 2020, amma amincewar jama'a ta raunana a Janairu 2021, bayan gwamnati ta amsa cewa 'yan sanda na iya karɓar bayanan manhajar domin binciken laifi. Misali: Ya ƙi sauke manhajar bin sawu don gudun tonon asiri.