Mai Tsaron Rumbun Ilimi: Tarihin Tallafa wa Ma'aikatan Laburare a Jami'o'in Nijeriya

Gabatarwa

Masana sun daɗe suna kamanta laburare da rumbun jami'a, domin a cikinsa ake adana abin da magabata suka noma, daga cikinsa kuma ake ɗebo irin da za a shuka gobe. Sai dai idan ana maganar rumbu, hankali yakan tafi ga hatsin da ke ciki, a manta da mai tsaronsa. Ɗalibai da yawa, har da wasu malamai, sun ɗauka aikin ma'aikacin laburare bai wuce jera littattafai da buga hatimi da hana surutu ba. Alhali shi ne mai zaɓen abin da za a saya, shi ne mai tsara shi yadda za a same shi, shi ne kuma jagoran mai bincike idan hanya ta ɓace masa. Mutumin da ke ɗauke da wannan nauyi yana buƙatar horo, yana kuma buƙatar ya riƙa bincike na kansa, kuma duka biyun sai da kuɗi, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka ɗauki nauyin horar da waɗannan ma'aikata da tallafa wa bincikensu a jami'o'in Nijeriya tun daga shekarar 1948. Za a ga cewa galibin tallafin da ya ciyar da su gaba daga waje ya zo, kuma duk lokacin da kuɗin gida ya samu, gini da littattafai ake fara tunawa kafin a tuna da mutumin.

Tushen Al'amari a Ibadan

An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, aka kuma ɗauko John Harris, mutumin ƙasar Niyu Zilan, ya zama shugaban laburarenta na farko. An kafa harsashin laburaren da littattafan Babbar Kwalejin Yaba da kuma tarin littattafan marigayi Henry Carr, kimanin dubu 18, waɗanda gwamnati ta saya bayan rasuwarsa a 1945. A 1950 aka yi dokar da ta wajabta ajiye duk abin da aka buga a ƙasar nan a wannan laburare, saboda haka tun da wuri aikin ma'aikatansa ya haɗa da tattara sunayen wallafe-wallafen Nijeriya da buga jerinsu.

Matsalar ita ce babu makarantar koyon wannan sana'a a duk faɗin ƙasar. An taɓa buɗe wata a Acimota ta ƙasar Gana a 1944, amma ba ta yi tsawon rai ba. Duk ɗan Nijeriyar da ke son zama ƙwararre sai dai ya yi karatu ta gidan waya ya zauna jarrabawar Ƙungiyar Laburare ta Ingila, ko kuwa ya yi sa'ar samun sukolashif ya ƙetare teku. Manhajar kuma ta Ingila ce, ba ta san da zaman rubutun ajami ko littattafan da ake bugawa a Zariya ba.

Duk da haka, a wannan zamani ne aka ga misalin abin da ma'aikacin laburare zai iya yi idan aka ba shi guzuri da lokaci. W. E. N. Kensdale, mataimakin shugaban laburaren Ibadan, ya zagaya Arewa yana neman rubuce-rubucen Larabci. Daga wannan aiki ya fitar da kundin rubuce-rubucen hannu na Larabci da ke Ibadan tsakanin 1955 da 1958, ya kuma buga maƙaloli uku a wata mujallar masana ta Landan, inda ya jero ayyukan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Malam Abdullahi da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Malaman Sakkwato da Gwandu sun san waɗannan littattafai tun fil azal, suna kuma karantar da su a zaurukansu. Abin da jerin Kensdale ya yi shi ne buɗe wa masu binciken jami'a ƙofa zuwa gare su. Duk mai nazarin adabin jihadi a yau yana cin gajiyar aikin da wani ma'aikacin laburare ya fara.

Hannun Carnegie da Kafuwar Makarantu

A 1953 hukumar UNESCO ta shirya taron ƙara wa juna sani a Ibadan kan bunƙasa laburaren jama'a a Afirka. Ɗaya daga cikin 'ya'yan da taron ya haifa shi ne Ƙungiyar Laburare ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1954. Bayan haka Gidauniyar Carnegie ta Amurka ta turo Harold Lancour ya duba halin da laburare ke ciki a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila. Rahotonsa na 1958 ya ba da shawarar a buɗe makarantar horar da ma'aikata a Ibadan. Gidauniyar ta ba da kuɗi a 1959, aka fara karatu a 1960. Da fari makarantar tana shirya ɗalibai ne domin jarrabawar Ingila, daga baya ta koma ba da difloma ta kanta ga masu digiri.

Daga wannan makaranta ne aka sami F. Adetowun Ogunsheye, wadda ta zama farfesa a fannin laburare a 1973, kuma ita ake ƙirgawa a matsayin mace ta farko da ta kai wannan muƙami a Nijeriya. Abin lura ne cewa wannan tarihi ya fito daga fannin da wasu ke raina wa.

A 1962 aka kafa Ƙungiyar Laburare ta Nijeriya, ta kuma fara buga mujallarta, inda ma'aikata suka sami dandalin baje bincikensu. A wannan shekara ce Gidauniyar Ford ta turo Carl White ya taimaka wajen kafa Babban Laburaren Ƙasa, wanda dokarsa ta fito a 1964. A Arewa kuwa, gwamnatin jiha ta gayyato F. A. Sharr daga Ostireliya, ya rubuta rahoto a 1963 kan buƙatun yankin. Shawararsa na cikin abin da ya kai ga buɗe Sashen Kimiyyar Laburare a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968. Zariya ta ɗauki hanya dabam da ta Ibadan, domin ta fara koyar da fannin tun daga digirin farko. An yi ta muhawara a kan haka: Ibadan na ganin sai mutum ya ƙware a wani fanni kafin ya koyi tsaron littattafansa, Zariya kuma na ganin ƙarancin ma'aikata a Arewa ba zai jira wannan doguwar hanya ba. A ƙarshe hanyar Zariya ce ta yaɗu, Jami'ar Bayero da ta Maiduguri suka bi sahu a ƙarshen shekarun 1970.

Ƙoshi da Yunwa

Shekarun 1970 zamanin kuɗin man fetur ne. An buɗe sababbin jami'o'i bakwai a 1975, an yi manyan gine-gine irin su Laburaren Kashim Ibrahim na Zariya, jami'o'i kuma sun riƙa tura ma'aikatansu Ingila da Amurka domin ƙaro ilimi da kuɗin gida. Wannan ne lokacin da ƙasar ta fi ɗaukar nauyin horar da mutanenta da kanta.

Daɗin bai daɗe ba. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, sannan a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu da aka fi sani da SAP. Naira da a da take kafaɗa da kafaɗa da dalar Amurka ta yi ta zubewa, har a 1993 sai da kimanin naira 22 ake samun dala ɗaya a farashin gwamnati. Da yake yawancin littattafan ilimi da mujallun masana da kuɗin waje ake sayensu, laburare ne ya fara jin jiki. Aka daina biyan kuɗin mujallu, jerin kundaye ya tsinke, tafiye-tafiyen ƙaro ilimi suka tsaya. Ma'aikacin laburare ya zama mai tsaron rumbun da babu sabon hatsi a ciki, shi kansa kuma ba ya ganin abin da takwarorinsa na duniya ke rubutawa a kan sana'arsa.

A 1990 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 120 domin farfaɗo da jami'o'in tarayya, kuma wani kaso mai tsoka na littattafai da mujallu ne. Rancen ya zo da sharuɗɗa, ciki har da rage ma'aikata, abin da ya jawo adawar malamai da ɗalibai. Littattafai sun iso, amma da kuɗin ya ƙare sai gibin ya dawo, domin zanen aro ba ya rufe katara.

A cikin wannan matsi ne ma'aikatan suka nuna ba zaune suke ba. A 1991 L. O. Aina ya fara buga wata mujalla ta nazarin laburare da adana takardun tarihi da kimiyyar bayanai ta Afirka, wadda ta zama ɗaya daga cikin mujallun fannin da ake girmamawa a nahiyar.

Matsayin Malanta da Nauyinsa

Yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ƙarƙashin jagorancin Attahiru Jega, ta ƙulla da gwamnatin tarayya a 1992 ta kawo abubuwa biyu da suka shafi wannan tarihi. Na farko, an amince a riƙa ware wa laburare kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar kowace jami'a. Na biyu, an amince da harajin ilimi, wanda Doka ta 7 ta 1993 ta tabbatar, inda kamfanoni za su biya kashi 2 cikin ɗari na ribarsu.

A farkon shekarun 1990 ɗin ne kuma aka daidaita matsayin ƙwararrun ma'aikatan laburare da na malaman jami'a. Sun daɗe suna fafutukar neman wannan daraja, amma ta zo da sharaɗinta, wato ba ƙarin girma sai da wallafa maƙaloli. A nan gizo ke saƙar. Malamin aji yana da sa'o'in da ba ya koyarwa, yana da dogon hutu, yana da ɗaliban da yake duba bincikensu. Shi kuwa ma'aikacin laburare yana bakin aiki daga safe zuwa yamma, wani lokaci har da aikin dare da na ƙarshen mako, kuma laburare ba ya rufewa don ɗalibai sun tafi hutu. An auna su da mudu ɗaya ba tare da an ba su lokaci ɗaya ba. Sakamakon haka da yawa suka koma ga binciken da ya fi sauƙi, wato raba takardun tambayoyi ga masu shiga laburarensu, aka bar manyan ayyuka irin na Kensdale, masu buƙatar tafiya da guzuri da haƙuri.

A 1995 aka yi Doka ta 12 da ta kafa Majalisar Rajistar Ma'aikatan Laburare ta Nijeriya, domin tantance wanda ya cancanci a kira shi ƙwararre, ko da yake sai a 2002 aka ƙaddamar da ita.

Zamanin Kwamfuta da TETFund

Shigowar kwamfuta da intanet ta sa sana'ar ta canza kama, har ya zama wanda ya ƙware a 1985 sai ya koma ɗalibi. A nan ma hannun waje ne ya fara miƙowa. A shekarun 2000 Gidauniyar Carnegie ta tallafa wa jami'o'in Ahmadu Bello da Jos da Obafemi Awolowo, Gidauniyar MacArthur kuma ta tallafa wa Ahmadu Bello da Bayero da Ibadan da Fatakwal. Cibiyar Mortenson ta Jami'ar Ilinoyi ta Amurka ta horar da ma'aikatan waɗannan laburare yadda za su mayar da kundin littattafansu cikin kwamfuta. Shirye-shirye irin su HINARI na 2002 da AGORA na 2003 sun buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallu ta intanet, kuma ma'aikacin laburare ne ya zama mai koya wa malamai yadda za su shiga.

A gida kuwa, a 2011 aka mayar da asusun harajin ilimi na manyan makarantun gwamnati zalla, aka kira shi TETFund. Jami'o'i suka sami rabi, kwalejojin fasaha da na ilimi suka raba sauran. An ɗaga harajin zuwa kashi 2.5 a 2021, sannan kashi 3 a 2023. Asusun ya buɗe ƙofofi da dama: ɗaukar nauyin digiri na biyu da na uku, halartar tarurrukan masana, binciken cikin gida, buga littattafai da mujallu, da kuma bunƙasa laburare. Da yake ma'aikatan laburare na cikin sahun malamai, sun cancanci shiga waɗannan ƙofofi, kuma da dama sun yi digirin dakta ta wannan hanya. Sai dai kuɗin bunƙasa laburare na kaya ne, na horo da bincike kuwa sai an yi takara da dukkan tsangayoyi a gaban kwamitin da ma'aikacin laburare ba shi da rinjaye a cikinsa. Na jami'o'i masu zaman kansu kuma dokar 2011 ba ta sa su a ciki ba.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa kowane babban mataki, daga makarantar Ibadan ta 1960 zuwa horon kwamfuta na shekarun 2000, da kuɗin baƙi aka taka shi, kuma ya yi rauni da baƙon ya tafi. Kuɗin gida da ya ɗore shi ne wanda aka ɗaure da doka, wato harajin ilimi na 1993. Saboda haka ya kamata kowace jami'a ta keɓe wani kaso sananne daga kuɗin laburarenta domin horar da ma'aikata, ta kuma rubuta a cikin ƙa'idojinta sa'o'in da ma'aikaci zai bar teburinsa ya yi bincike.

Mu masu nazarin Hausa muna da ruwa da tsaki a wannan magana. Akwai waƙoƙin ajami a hannun iyalai da ba a lissafa ba, akwai tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da takardunsu ke rududdugewa, akwai ɗaruruwan littattafan adabin kasuwar Kano da suka fito ba tare da sun shiga wani kundi ba, ga kuma kaset-kaset na makaɗa da zafi ke cinyewa. Tattara waɗannan da tsara su aikin ƙwararren ma'aikacin laburare ne wanda ya san harshen, aka kuma ba shi guzuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, amin.