Hurumin Tsuntsaye a Ƙarshen Mashigin Dubai

Fatakenmu na Kano da Maraɗi waɗanda suka saba da sauka a Deira ta Dubai domin sarin atamfa da turare da zinariya, da wuya a sami wanda bai taka unguwar Al Buteen ba, inda lunguna suke cike da ƙamshin kanumfari da lubban, inda kuma jiragen katako suke jere a bakin ruwa, 'yan dako suna ta loda musu kaya zuwa Iran da Somaliya. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa tambayar inda ruwan nan ya nufa bayan ya wuce kasuwa, alhali kuwa a can ƙarshensa akwai wani abin da ya cancanci a yi masa tattaki.

Shi wannan ruwa ba kogi ba ne, reshen teku ne da a asalinsa ya kutsa cikin tudu misalin kilomita 14, kuma shi ne asalin arzikin garin. A shekarar 1833 ne jama'ar Al Bu Falasa, su kamar 800, suka taso daga Abu Dabi ƙarƙashin Maktum bin Buti suka riƙe mulki a bakinsa. Da annobar agana ta faɗa wa gefen Bur Dubai a 1841, mutane da yawa suka ƙetare zuwa Deira, nan kasuwa ta bunƙasa. A farkon ƙarni na 20, sa'ad da haraji ya yi wa attajiran Linga na gaɓar Farisa nauyi, Shehu Maktum bin Hashar ya ɗauke musu kuɗin fito, ya ba su wurin zama, suka ƙaura da dukiyarsu da sana'arsu. Lu'ulu'u ne jigon tijara a lokacin, har zuwa wajen 1930, da Japan ta cika duniya da lu'ulu'un kiwo, kasuwa ta faɗi, talauci ya shigo. Shehu Rashid bin Sa'id ne ya farfaɗo da al'amarin, da ya ciwo bashi daga Kuwait ya sa aka yashe mashigin a ƙarshen shekarun 1950, tun kafin a sami man fetur a 1966.

To, duk wannan hidima a bakin mashigin aka yi ta. Can ƙarshensa, wurin da ake kira Ras al-Khor, fadamar gishiri ce da taɓo, a da jirgi ba ya isa, attajiri ba ya kula, saboda haka ta zama masaukin tsuntsayen da suke ƙaura tsakanin Asiya da Afirka a kowace shekara. Da gine-gine suka fara matso ta, sai hukuma ta keɓe ta a 1985, ta ƙarfafa keɓewar da doka a 1998, sa'an nan a 2007 aka shigar da ita cikin yarjejeniyar Ramsar ta kiyaye fadamun duniya, ita ce ta farko a duk ƙasar da Dubai take ciki. Faɗinta ya ɗan wuce murabba'in kilomita 6, kuma itatuwan ƙurum da suke tsaye cikin ruwan gishirin nan, dasa su aka yi da hannu a farkon shekarun 1990.

Ma'abota ilmin fiƙihu ba za su ga baƙon abu a nan ba, domin hima ce, wadda Manzon Allah (SAW) ya yi irinta a Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya yi a Rabaza, wato shugaba ya hana kowa mallakar wani yanki saboda maslahar jama'a. Mu ma mun san hurumi da burtali a ƙasarmu, mun kuma san yadda gonaki da filoti suka cinye da yawansu. Wannan ne ya sa nake ganin girman abin da aka yi a Dubai, garin da taƙi ɗaya na ƙasa yake da tsadar gaske, amma aka bar wa zalɓe da balbela rabonsu.

Tafiyar kanta gajeruwa ce ƙwarai, ko dattijo zai iya. Mutum ya sauka daga mota a gefen babbar hanya, ya bi wata siririyar hanya da aka kange gefunanta don kada tsuntsaye su firgita, har ya isa rumfar kallo mai tagogi. Daga nan zai ga filamingo ɗari bisa ɗari, masu dogayen ƙafafu da launin ruwan hoda, kowane ya sunkuyar da wuya ya kifa baki cikin ruwa yana tace abincinsa daga taɓo, dogayen benayen birni kuwa suna tsaye a bayansu. Sun fi yawa a lokacin sanyi, kuma ba a karɓar ko dirhami a ƙofa.

Saboda haka ina roƙon ɗan'uwa bafatake, idan Allah ya sake kai shi Deira, ya gama da dillalai, ya ɗaure kayansa, ya ware safiya ɗaya ya je Ras al-Khor, in kuwa ya dawo gida ya tambayi mai unguwarsu inda hurumin garinsu yake.