Daga Gayya zuwa Asusu: Tarihin Taimakon Juna a Ƙasar Adar da Ƙwanni

A birnin Shikago na ƙasar Amurka, a shekarar 1905, wani lauya mai suna Paul Harris ya tara abokansa uku suka kafa ƙungiyar Rotary, wadda ta shahara da taron mako-mako da tara kuɗi domin ayyukan jinƙai. Ƙungiyar Lions ta biyo bayanta a 1917. Reshen Rotary na farko a Nijeriya an buɗe shi ne a Kano a 1961, kuma tun daga 1985 ƙungiyar ta ɗauki yaƙi da cutar shan inna a matsayin babban aikinta, har aka kai ga ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar a 2020. Ganin irin wannan tarihi, sai wani ya zaci cewa taron sa-kai da asusun taimako baƙin abubuwa ne da suka zo mana daga ƙetare. Alhali kuwa duk wanda ya san Tajaye, da garuruwan da ke tsakanin Illela da Malbaza da Birnin Ƙwanni a jihar Tawa, ya san cewa mutanen wannan yanki sun daɗe da nasu tsari, wanda ya sha sauye-sauye har ya iso gare mu.

Tushen abin shi ne gayya. Ƙasar Adar ƙasa ce ta duwatsu da fadamu, damina gajera ce, noman farko kuma ba ya jiran kowa. Idan magidanci ya kwanta ciwo, ko tsoho ya rasa mai taya shi, ko saurayi yana neman yardar surukai, sai a sa rana, samari su fito da haukoki da hayu, makaɗa na buga gangar noma suna zuga gwanaye. Mai gona ba ya biyan lada, abin da ke kansa shi ne fura da tuwo da goro. Amma kowa ya san akwai bashi a ciki: wanda aka yi wa yau, shi zai fito gobe. Haka ake yi wajen ɗaukar jinka, da yaɓen rumbu, da yasar rijiya, da gyaran masallaci bayan ruwa. A yankin da Hausawa manoma da Abzinawa da Fulani makiyaya suke shan ruwa a rijiya guda, kamar yadda yake a Tajaye, wannan aiki ya wuce batun kirki, ya zama sharaɗin zaman tare.

Wadda ke tsara gayya ita ce samariya, wato ƙungiyar samari da ƴan matan gari. Tana da Sarkin Samari da muƙarrabansa, masu sarautu irin na fada, daga baya ma suka ari muƙaman mulkin mallaka suna kwaikwaya cikin raha. Dandali shi ne majalisarsu. Can ake sanar da aikin da ke tafe, can ake yanke tara ga wanda ya ƙi fitowa, can kuma ake karɓar gudummawar tarbar baƙi idan samarin wani gari suka kawo ziyara ko aka shirya kokawa. Asusunsu ƙarami ne, amma a idon kowa yake.

Da siyasa ta kunno kai a shekarun 1950, jam'iyyu suka fahimci cewa wanda ya riƙe samariya ya riƙe gari. Amma babban sauyi ya zo ne bayan fari da yunwar 1973 zuwa 1974, lokacin da Laftanan-Kanal Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a ranar 15 ga Afrilu 1974. Sabuwar gwamnati ta haramta jam'iyyu, tana kuma bukatar hanyar isa ga talakawa. Sai ta farfaɗo da samariya, ta ba ta tsari daga ƙauye da unguwa har zuwa matakin ƙasa. A 1975 aka kafa Ƙungiyar Matan Nijar, a shekarar ce kuma aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a Tawa. Daga baya samariya da ƙungiyoyin gama-kai na manoma suka zama ginshiƙai biyu na tsarin da gwamnati ta kira al'ummar ci gaba.

Dattawan da suka yi zamanin suna tuna shi da ayyuka na zahiri. Samari sun buga tubali sun gina azuzuwan makaranta da ɗakunan shan magani, sun share tituna da kasuwanni da maƙabartu, sun shuka itatuwa, sun noma gonar samariya wadda amfaninta ke shiga asusu. Ana shirya wasan kwaikwayo da kiɗa da raye-raye a gidan samariya, a karɓi kuɗin shiga, a yi hidima da su. Malaman makaranta da yawa sun yi wa ƙungiyoyin aikin magatakarda, domin su ne masu alƙalami a ƙauye. Da fari ya sake dawowa a 1984, ga kuma iyakar Nijeriya a rufe bisa umurnin Janar Muhammadu Buhari, har mutane suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa, garuruwan kan iyaka irin su Ƙwanni sun ji jiki ƙwarai. A lokacin ne aka ƙarfafa noman rani, aka kuma fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da taimakon Italiya, inda mata suka ɗauki kaso mai yawa na aikin jera duwatsu da dashen itatuwa, ana biyan su da abinci.

Sai dai a cikin wannan ƙarfi akwai rauni. Aikin da a da ake yi don kunyar idon maƙwabci ya koma aikin da ake yi don umurni ya sauko daga sama. Samariya ta zama mai tarbar manyan baƙi da tafi da kirari, wani lokaci ma ana yi mata kallon idon hukuma a cikin gari. Bayan rasuwar Kunce a Nuwamba 1987, Janar Ali Saibu ya kafa jam'iyya ɗaya tilo, MNSD, a 1989, samariya ta shige ƙarƙashin inuwarta. Da aka yi Babban Taron Ƙasa a 1991, aka buɗe ƙofar jam'iyyu barkatai, sai samarin gari guda suka rarrabu bisa launin tuta. Ƙungiyar da ta jingina da gwamnati ta faɗi tare da abin da ta jingina da shi.

Abin mamaki, a shekarar 1991 ɗin ce wani sabon tsari ya tsiro a jihar Maraɗi. Ƙungiyar CARE, ta hannun wata ma'aikaciyarta ƴar ƙasar Norwe mai suna Moira Eknes, ta ɗora a kan adashin da mata suka saba da shi, aka samar da Mata Masu Dubara. Mata kamar ashirin zuwa talatin ne ke haɗuwa sau ɗaya a mako, kowace ta zuba abin da aka amince a kai. Ana ƙirga kuɗin a bainar jama'a, a kulle su a akwati, makullai kuma a hannun mata daban-daban. Mai bukata ta ci bashi ta yi ƴar sana'a, ta mayar da ɗan ƙari. A gefe guda akwai ƙaramin asusu na ciwo da haihuwa da rasuwa da gobara. Idan zango ya cika, galibi gab da damina ko salla, sai a raba. Babu kuɗin waje a cikin akwatin, horo kawai aka kawo musu. Tsarin ya bazu zuwa jihar Tawa da sauran jihohi, ya tsallake karyewar darajar sefa ta 1994 da ƙarancin abinci na 2005, wasu ƙungiyoyin har suka kafa rumbunan tsimi na hatsi. Daga Nijar ne ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Ga shi, abin da aka gina da dala-dala a ƙasar Hausa ya zama darasi ga duniya.

Samari kuwa suka koma fada, inda ake zaman shayi da hira, wasu fadodin na da shugaba da ma'aji da zubin mako, suna fita share unguwa ko agaza wa ɗan uwa ranar aure da suna. Ƴan ci-ranin Adar da ke Nijeriya da Abijan da Libiya su ma suna haɗa kuɗi su aiko gida don masallaci, ko rijiya, ko jinyar wani.

Idan aka jera waɗannan matakai, darasi ɗaya ke fitowa. Ƙungiyar taimako tana daɗewa ne idan tana da ranar taro da ba ta tashi, da lissafi da ake yi a gaban kowa, da asusu wanda ƴaƴanta ke jin guminsu ne a ciki. Rotary ta haura shekara ɗari bisa waɗannan ƙa'idoji, Mata Masu Dubara sun haura talatin bisa kwatankwacinsu, samariya kuwa ta durƙushe lokacin da akalarta ta bar hannun masu ita.

Saura aiki a kan malamai da ƙungiyoyin raya al'adu. Waɗanda suka riƙe sarautar samari a Tajaye da Illela da Ƙwanni a shekarun 1970 sun tsufa, kowace shekara kuma ana rasa wasu daga cikinsu. Ya kamata a tura ɗalibai su zauna da su, su rubuta wane aji aka gina, da wace gona aka noma, da yadda ake yanke tara, da yadda ake raba abin da aka tara. Ɗalibin da ya gano cewa kakansa ne ya buga tubalin ajin da yake zaune a ciki, da wuya ya zuba ido ginin ya rushe yana jiran wani ya zo daga nesa ya gyara masa.