"Kakanmu Ne Ya Sari Dajin Nan": Bin Sawun Manomin Farko a Rijiyar Zaki

Tsakure

Maƙalar ta auna da'awar saran daji da gidajen noma ke jingina wa kakanninsu a Rijiyar Zaki, cikin ƙaramar hukumar Ungogo. Matsayinta shi ne, wanda zuriya ke kira mai saran daji a wannan yanki galibi shi ne mutum na farko a gidan da gonar ta tabbata a hannunsa, ko ta wace hanya ya same ta.

Waiwaye

Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fitar da fassararsa a 1908, littafin sarakuna ne tun daga Bagauda. Manomi ba ya shiga cikinsa sai a matsayin talaka ko ganima. Michael Mortimore, a shekarun 1960, ya nuna yadda ƙasar da ta kewaye birni ke shan noma kowace damina ba hutu, da takin da jakuna ke ɗaukowa daga cikin gari. Aikinsa na gona ne, bai bi sunayen masu ita ba.

Jayayyata da kwamitin ƙasa na 1908 ce, da dokar 1910 da ta biyo bayansa, waɗanda suka ginu a kan cewa Bahaushe ba ya mallakar gona balle ya sayar, amfani kawai yake yi da ita da yardar sarki. Wannan ra'ayi ya yi wa Turawa daɗi domin ya miƙa ƙasar duka ga hannun Gwamna. Abin mamaki, ya kuma yi wa masu tarihin gida daɗi: idan ba a sayen gona, to duk wadda aka gada sarar ta aka yi. Polly Hill, a littafinta na 1977 kan karkarar Kano, ta riga ta nuna cewa cinikin gona tsohon abu ne kusa da birni. Ban ga dalilin ci gaba da kau da kai daga hujjarta ba.

Hanyar bincike

Na gwada abin da ake faɗa a baka da rubutu iri biyu: rahotannin ƙiyasin haraji na lardin Kano da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da shari'un majalisar Sarki Abbas na 1913 zuwa 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassaro daga Larabci ya buga a 1994.

Abin da aka gano

Mai neman kakansa ya fara da tambayar ko akwai dajin da za a sara a lokacin. Rijiyar Zaki tafiyar hantsi ce daga ƙofofin yamma na birni. Ƙasar Ungogo kuwa cike take da gandayen sarauta a ƙarni na 19. Fanisau, inda Bature matafiyi Clapperton ya tarar da Sarki Ibrahim Dabo a 1824, tana cikinta, kuma Mohammed Bashir Salau ya bayyana yadda bayi suka noma gandayenta. Wurin da sarakai da attajirai ke rububin kafa rinji, da wuya a ce kura na kuka a cikinsa kaka uku ko huɗu da suka wuce.

Sai a duba abin da ya auku cikin kimanin shekara ashirin kacal. Basasar Tukur da Yusufawa, 1893 zuwa 1895, ta kori wasu ta zaunar da wasu a gonakinsu. Turawa suka ci Kano a 1903. Bayi da yawa suka gudu, wasu suka fanshi kansu ta hanyar murgu suka ci gaba da noma inda suke. Jirgin ƙasa ya iso, gyaɗa ta yi kuɗi daga 1912, gona ta ƙara daraja. Sannan yunwar 1913 zuwa 1914 ta sa mai gona ya jinginar da ita don damin gero. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya sauya hannun da ke riƙe da fartanya a wata gona. Ba banza ba rigimar gona ta yawaita a gaban Sarki Abbas daidai wannan lokaci.

A kan wannan ne kuma malaman taki suka zo suna auna gonaki da ƙafa, suna rubuta sunan mai biya. Nan ne tarkon. Takardar haraji ba ta tambayar yadda ka samu gona, ko gado, ko saye, ko jingina, ko aro, ko kyautar dagaci. Sunan maigida kawai take ɗauka, ƙannensa da 'ya'yansa da ke cikin gandu su ɓace a ƙarƙashinsa. Jika ya ga sunan kakansa a mafi tsufan takarda, sai ya ɗauka daga kansa aka fara, alhali daga kansa aka fara rubutawa ne. Ga kuma yawan takwara: Audu da Musa sun fi a ƙirga a gunduma guda, in ba a haɗa da laƙabi da sunan mai unguwa da na maƙwabtan iyaka ba, sai a ɗauko kakan wani. A ganina labarin saran daji yana da wani aikin ma. Yana rufa asirin gidan da asalinsa rinji ne, kuma ba wanda zai zarge su da son hakan.

Iyakar binciken

Za a ce shari'un na shekara biyu ne kawai, kuma na masarautar duka ne, ba na Rijiyar Zaki kaɗai ba. Haka ne. Gonar da ba a yi rigima a kanta ba ba ta zuwa gaban sarki, mata kuma ba kasafai suke fitowa a jerin masu biyan haraji ba ko da sun gaji gona. Mai son tabbatarwa da ƙafarsa ya hanzarta, domin kukoki da jerin gamba da ke nuna tsofaffin iyakoki suna ƙarewa a ƙarƙashin fulotai, tun da Jami'ar Bayero ta kafa sabon mazauninta a kan hanyar Gwarzo.