Tiyatar Ɗan Huji: Daga Dresden Zuwa Bakin Tafkin Kainji

Tiyatar ɗan huji, wadda likitoci ke kira lafaroskofi, aikin ciki ce da ake yi ba tare da an tsaga mutum ba. Likita kan huda wuri uku ko huɗu, kowanne bai wuce faɗin ɗan yatsa ba, ya hura iskar kabon har ciki ya ɗaga, sannan ya zura siririyar kyamara ta gefen cibiya. Idonsa na kan allo, hannuwansa na sarrafa dogayen almakashi da hantsaki daga waje.

A 1901 Georg Kelling na Dresden ta Jamus ya fara leƙa cikin kare da bututu mai fitila, a 1910 kuma Hans Christian Jacobaeus na Suwidin ya gwada a jikin ɗan Adam. An shafe shekaru da dama abin bai wuce leƙe ba, ido ɗaya a bakin bututu, likita sunkuye. Likitocin mata ne suka riƙe shi. Ɗayansu, Kurt Semm na birnin Kiel, ya ƙera injin da ke daidaita iskar da ake hurawa, a 1980 ya cire afendis ta wannan hanya. Manyan likitocin fiɗa na ƙasarsa suka yi masa ca, har aka nemi a dakatar da shi. Erich Mühe, wanda ya cire matsarmama ta wannan hanya a 1985, shi ma bai tsira daga tsangwama ba.

Abin da ya kashe gardamar ƙaramar kyamarar bidiyo ce. Da hoto ya hau allo, sai kowa a ɗakin tiyata ya ga abin da likita ke gani: mataimaki ya san inda zai riƙe, ɗalibi ya koya da idonsa. Bayan aikin Philippe Mouret a Lyon ta Faransa a 1987, dabarar ta bazu cikin 'yan shekaru. Sai kwamfuta ta shigo. A 1994 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da AESOP, hannun inji mai riƙe kyamara, a 2000 kuma da mutum-mutumin da Vinci, wanda ke tace rawar hannun likita, ya mayar da babban motsi ƙarami. Ranar 7 ga Satumba 2001 Jacques Marescaux yana zaune a Niyok ya yi amfani da wani mutum-mutumi ya cire matsarmamar wata mata da ke kwance a Strasbourg. Shi ne ya kafa cibiyar horarwa ta IRCAD, wadda ta buɗe reshe a Kigali ta Ruwanda a 2023.

A Najeriya ma ta ƙofar likitocin mata ta shigo, wajen binciken rashin haihuwa da toshewar bututun mahaifa, kamar yadda aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya soma ayyukan fiɗar ciki da ita a 2009, da dabarun gida na rage tsadar kaya.

Ga mutumin Yauri, Ngaski ko Shanga a yankin Tafkin Kainji, amfanin wannan aiki a fili yake. Masunci da ƙarfin cikinsa yake jan taru da tuƙa kwale-kwale, manomin shinkafa da albasa a fadama a duƙe yake wuni. In aka tsaga shi don ƙaba ko afendis, sai ya yi makonni bai ɗaga ko jarkar ruwa ba, wataƙila damina ta wuce shi. Mai ɗan huji kuwa sau da yawa kwana ɗaya ko biyu ake sallamarsa, ciwon ba ya saurin ruɓa, tabon ma sai an duba. Amma wanda ciki ya murɗa wa da dare a wani gungu, sai ya ƙetare ruwa zuwa Yelwa ko Wara tukuna, in abin ya fi ƙarfin nan a kama hanyar Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato. Wanda taifod ta huda wa hanji, ya iso a galabaice, tsagawar ce dai ke ceton ransa.

Aikin yana son wutar da ba ta ɗaukewa, da tukunyar iska, da mai ba da maganin barci, da mai gyaran na'ura. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968 ta tashi garuruwan bakin kogi da dama, tana nan kusa, kuma a ganina mutanen da suka ba da ƙasarsu don a samu wuta sun cancanci ɗakin tiyata mai wuta kafin kowa. Mutum-mutumi mai cin miliyoyin daloli ba shi ne buƙatar yankin ba. Wanda ya fi kusa da halinsa shi ne salon da likitocin karkarar arewa maso gabashin Indiya ke bi, suna aiki tare da injiniyoyin Jami'ar Leeds ta Ingila: wani ƙarfe ne ake saƙalawa ta cibiya ya ɗaga fatar ciki, ba a buƙatar iska, kuma allurar kashin baya ta isa a yi aikin.